Inda Zuciyata Ke Zuwa Daga Tara Zuwa Goma

Wata baiwar Allah ta rubuto mini a ƙarƙashin labarin jiya wai, "Auta, ke dai kin more, saurayinki har bugun zuciyarki yake ƙirgawa." Na gode, 'yar uwa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki gyara zama ki ji abin da ƙirgen nan ya jawo mini a satin nan, in kin gama sai ki faɗa mini ko har yanzu kina sha'awa.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da biyar. Shi kuma mai gyaran waya ne, shagonsa na ƙasan wani bene a bakin titi, tsakanin mai sayar da tabarau da mai wankin kaya. Ni na laƙaba masa Injiniya don tsokana, sunan kuwa ya bi shi har cikin gidanmu. Wata uku ke nan da na kai masa wayata sikirin ya fashe, na tsaya masa a kai ina zuba kamar rediyo, har ya ajiye sukundireba ya ce, "Malama, ke kullum haka kike?" Na ce masa eh. Wannan ce ƙaryar farko da na yi masa, kuma ban ma san ƙarya nake ba sai da na dawo gida.

Domin ba haka nake ba. Shekara huɗu na yi ina fama da ciwon damuwa. Ba irin damuwar da ake cewa a sha ruwan sanyi ta wuce ba. Irin wadda za a wayi gari kina kallon bango, tashi ki wanke baki ya zama aikin da sai kin yi shawara da kanki. Na bar makaranta saura shekara ɗaya. Magani kala huɗu na sha, wani ya sa ni ƙiba, wani ya sa ni barci, babu wanda ya taɓa ciwon. Daga ƙarshe likita ya ce nawa irin mai taurin kai ne, sai an haɗa masa hanya biyu. Ya ƙara mini wata 'yar ƙwaya fara da ke zaburar da ƙwaƙwalwa, ina sha ƙarfe bakwai da rabi na safe. Bayan wasu makonni kuma aka fara ɗora mini na'urar maganaɗisu a kai, zama talatin, kullum ban da Asabar da Lahadi. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce wasu sun dace da haɗin, wasu ba su dace ba, kuma zai riƙa bibiyar barcina da hawan jinina.

Sati na biyu da fara ƙwayar nan na haɗu da Injiniya. Kun ga inda matsalar take? Bai taɓa ganin waccan mai kallon bangon ba.

To sai ga agogo. Wata guda da ya wuce ya kawo mini shi a ɗan kwali, baƙi mai madauri ruwan hoda, ya ɗaura mini da kansa a falo Umma na leƙe ta labule. Ya haɗa shi da wayarsa yadda duk bugun da zuciyata ta yi yana gani. Na yi ta murna kamar sakarya. Kullum ƙarfe takwas yake turo gaisuwa in ya buɗe shago, ni kuma a daidai lokacin ƙwayar ta fara aiki, hannuna na ɗan rawa, bakina a bushe, ƙirjina na lugude.

"Barka da safiya, gimbiya. Ɗari da goma sha biyu! Daga ganin saƙona?"

"Kai dai ka cika son kanka."

"Ni ban ce komai ba, agogo ne ya faɗa."

Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi nawa agogo yake tambaya. Sai in tura masa hoton fuska mai rufe ido, in jefa wayar a jaka, in fita neman tasi.

Ɗakin da ake yi mini na'urar yana hawa na biyu, ƙarshen baranda. Kujera ce irin ta likitan haƙori, da farin labule, da wata fanka da ke ƙara ba ta ba da iska. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ni, Sista muke ce mata, doguwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta dariya sai ta ga dama. Ina shiga za ta miƙo mini ƙaramin tire. Ɗankunne, fil ɗin mayafi, sarƙa, waya, agogo, duk a ciki. Ta sa mini wata hula mai zane-zanen biro, ta ba ni abin toshe kunne, ta jawo kan na'urar ta jingina shi a gefen goshina na hagu. Sai ya fara: tat-tat-tat-tat, kamar keken ɗinki a kan ƙoƙon kai, ya huta, ya sake. Idona biyu, ba allura, ba suma. Ranar farko har babban yatsana suka sa ya yi ta motsi da kansa don su gane ƙarfin da ya dace da ni. Da jira da komai, awa guda ce, daga tara zuwa goma.

Ranar Laraba ina saukowa daga benen, ina maƙala ɗankunne, saƙonsa ya shigo.

"Ina da tambaya, amma kar ki ji haushi."

"Ina ji."

"Kullum daga tara zuwa goma zuciyarki ɓacewa take. Layin ya yanke ɗif. Ina kike kai ta?"

Na tsaya a tsakiyar matakala har wani mai tura keken marasa lafiya ya ce in ba shi hanya. Na rubuta "wanka nake", na goge. Na rubuta "wanke-wanke", na goge. Na sake rubuta "wanka" na tura.

"Wankan awa guda? Kuma ban da Asabar da Lahadi?"

Ya sa hoton dariya a ƙarshe, amma na san shi. Mutumin da ke gane waya ta taɓa shiga ruwa daga kallon sukurorinta, shi zan yi wa wayo? Na jefa wayar a jaka. A tasi na cire agogon, na mayar, na sake cirewa, har direba ya tambaye ni ko ya lalace ne.

Na samu Umma a kicin da Yaya, babbar yayarmu, wadda ta baro gidan mijinta tun safe don shirin ranar Asabar. A ranar ne mahaifiyar Injiniya da ƙannenta biyu za su zo su ga gidanmu karo na farko. An sauke labulen falo an wanke, an fito da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Yaya na tsaye a kan kujera tana goge saman firij, kamar baƙin za su hau su duba.

Na ce, "Umma, zan faɗa masa."

Ba ta juyo ba. "Faɗa masa me?"

"Asibiti. Maganin. Duka."

Yaya ta diro daga kujera da tsumma a hannu. "Ke Auta, kanki ɗaya? Saura kwana uku!"

"Ai kan nawa ne ake magana a kai, Yaya."

"Kar ki yi mini rashin kunya. Kin san me mutane za su ji? Ba za su ji maganaɗisu ba, cewa za su yi ana yi mata shokin a ka. Uwarsa shekara talatin tana koyarwa, an ce ko ɗinkin riga sai ta juya cikinsa ta duba."

"Ba shokin ba ne."

"Je ki bi gari gida-gida ki yi musu bayani."

Umma ta rage wutar girki, ta goge hannu a zaninta, ta zo ta kama haɓata. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "'Yar nan, ai kin warke. Tunda yaron nan ya shigo rayuwarki kike tashi da wuri, kike kwalliya, jiya har waƙa na ji kina yi a banɗaki. Ko abinci kin kasa ci don ɗoki. Ni na haife ki, na san so in na gan shi. Me za ki tono abin da Allah ya rufe?"

"Umma, rashin cin abincin maganin ne."

"Maganin me? Huɗu kika sha a gabana ba su yi komai ba. Shi ne maganinki. Ni da za ki ji tawa ma, ki bar zuwa wurin nan haka, kar wani ya gan ki a bakin ƙofarsu. Nawa ya rage?"

"Shida."

"To shida me za su ƙara miki?"

Wallahi a nan raina ya ɓaci. Shekara huɗu matar nan tana shigowa ɗakina da kofin shayi tana fita da shi a sanyaye. Ita ta riƙa tsefe mini kai ina kwance, ita ta yi kuka a gaban likita. Yanzu da na miƙe, ta ɗauki ladan ta miƙa wa mai gyaran waya. Ban ga laifinta duka ba, ta gaji ne, tana son labari mai daɗin faɗa wa mutane. Amma na ji haushi, kuma har yanzu da nake rubutun nan ina ji.

Na shige ɗaki na turo ƙofa. Na ninke kayan da ke ninke, na jera takalma, na sake jera su. Maganar Umma ta ƙi barina. Idan ita ce da gaskiya fa? Idan kuma ni ce da gaskiya, to wannan luguden da ƙirjina ke yi duk safiya na waye, nasa ko na ƙwaya? Ku kar ku yi mini dariya, amma ni ban taɓa son kowa ba. Shekarun da ƙawayena ke koyon wannan abin, ni ina kwance. Ban san yadda ake ji ba balle in bambance.

Shi ya sa ranar Alhamis na yi wauta. Ƙarfe bakwai da rabi na ɓallo ƙwayar, na riƙe ta a tafin hannu, na mayar da ita cikin kwalba. Na zauna a bakin gado da doguwar rigata ruwan toka, na kafa wa agogo ido. Takwas daidai waya ta yi ƙara.

"Barka da safiya, gimbiya."

Na duba. Saba'in da tara. Na karanta saƙon sau uku, na buɗe hotonsa, wanda ya ɗauka a shago da gilashin gyara a goshi. Tamanin. Tamanin da ɗaya. Ya koma saba'in da tara.

"Yau lafiya? Saba'in da tara kacal. Tambayar jiya ce ta ɓata miki rai? In ita ce na janye, ki yafe ni."

Ina karanta wannan hawaye suka zo, agogo ya haura ɗari da uku. To wannan kuma na mene ne? So ne, ko tsoro, ko kunya? Na tashi da tambaya ɗaya, na fita daga gida da uku.

Sista na ɗaura mini abin awon jini ta dube ni ta saman tabarau. "Kin yi barci?"

"Na yi."

"Kin sha magani?"

Na kawar da kai. Kullum sai ta yi tambayoyin nan kafin ta kunna na'ura, kullum ina amsawa ba tare da tunani ba.

"Auta, da ke nake."

Na faɗa mata duka, har da agogon. Ta cire tabarau ta ajiye a kan fayil. "Wato gwaji kika yi da kanki. Mu da muka yi karatun ba ma canja komai sai mun gaya wa likita, ke kin zama likita a bakin gado. Ƙarfin na'urar nan an auna shi ne da maganin a jikinki. In kin ƙara, in kin rage, in ba ki yi barci ba, dole mu sani. Ba wasa ake da kai ba."

Ta fita ta kira likita a waya, ta dawo ta ce ya yarda a yi zaman, amma gobe in sha a kan lokaci, kuma yana son ganina ranar Litinin. Tana gyara mini hula na ce, "Sista, to ya zan gane?"

"Gane me?"

"Ko ina son shi."

Ta ɗan yi murmushi, na biyu da na taɓa gani. "Ni shekara goma sha tara da aure, ban taɓa auna bugun zuciyata a kan mijina ba. Na dai san in abu ya same ni shi nake fara nema. Ke da abu ya same ki, wa kike ɓoye wa?"

Ta toshe mini kunne kafin in amsa. Tat-tat-tat-tat. Minti ashirin ina kallon fankar nan. Da aka gama, tun kafin in ɗauki ɗankunne na ɗauki waya. Na tura masa kwatancen wurin, hawa na biyu, ƙarshen baranda.

"Gobe ƙarfe tara ka zo nan. Za ka ga inda take zuwa."

Ya buɗe nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya fara, ya tsaya. Daga ƙarshe kalma ɗaya ta shigo: "To."

Ban faɗa wa Umma ba. Yinin ranar na goge tagogin falo har Yaya ta ce zan huda gilashin.

Juma'a na sa abaya baƙa da mayafi ruwan zuma, na yi kwalliya na goge, na sake yi kaɗan. Tara saura kwata na same shi a kan bencin baranda, da rigar aikinsa mai aljihu da yawa, yana karanta allon da ke saman ƙofa. An rubuta sunan sashen ɓaro-ɓaro, ba sai na fassara masa ba. Ya miƙe da ya gan ni.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Ni."

Na zuba kayana a tire a gabansa, agogon a sama. Sista ta tambaye ni ko na yarda ya shigo, na ce eh, ta sa shi ya ajiye wayoyinsa uku da sukundirebobin aljihunsa, ta ba shi kujera a lungu da abin toshe kunne. Da na'urar ta fara na ga ya zabura. Gefen idona na hagu yana ɗan motsi in tana bugawa, na san ya gani. Na rufe ido don kar in ga fuskarsa.

Da aka kashe, abin da na fara ji shi ne muryarsa yana tambayar Sista, "Wato wayar wuta ce aka naɗe a ciki? Ba ta zafi in ta daɗe? Me ke sanyaya ta?"

Jama'a, ku ji mini mutum. Na buɗe masa cikina, shi yana tambayar abin da ke sanyaya inji. Sista kuwa ta biye masa, har da juya masa kan na'urar ya leƙa. Na fizgi mayafina na yi gaba.

A motarsa ya kunna inji bai ja ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Wata mata ta wuce ta gabanmu da jariri a kafaɗa, muka bi ta da kallo kamar mun san ta.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Ranar da kika kawo waya fa?"

"Satina biyu da fara sabon magani. Surutun da ka ce ya burge ka, ban san nawa ne nawa ba. Ɗari da goma sha biyun da kake gani, ƙwaya nake sha bakwai da rabi. Jiya ban sha ba."

"Saba'in da tara," ya faɗa a hankali.

"Eh."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina ya ƙi tsayawa. Na gaya masa bangon, da makarantar, da kofin shayin Umma. Na gaya masa likita ya ce yana iya dawowa, ba wanda ya isa ya rantse. Na ce in zai tafi ya tafi yau, kar ya bari sai an shimfiɗa wa mutane sabon labule.

Ya juyo. Idonsa ya yi ja. "Kin gama?"

"Na gama."

"Abin da ya ƙona mini rai, wata guda ina zaune a shago daga tara zuwa goma ina zargin akwai wani. Har unguwarku na taɓa zuwa na tsaya a bakin layi, na ji kunyar kaina na koma. Ashe kina nan ke kaɗai ana buga miki wannan abin a ka." Ya share fuska da tafin hannu. "Ni ba inda za ni, Auta. Sauran zaman nawa ne?"

"Huɗu."

"Ni zan riƙa kawo ki."

Na sa mayafi na rufe fuska na yi kukan da ban yi ba tun farkon satin. Na ji sanyi har cikin ƙashina. Na ce a raina shi ke nan, na haye. Ashe da saura.

"Amma akwai abu ɗaya," ya ce. "Mama."

Na ɗago.

"Tun rasuwar mahaifinmu ban taɓa ɓoye mata komai ba. Ba zan bari ta shiga gidanku gobe ba ta sani ba. In ta ji daga baya a bakin wani, ba ni za ta riƙe ba, ke za ta riƙe har abada."

"Injiniya, Umma ba ta ma san na faɗa maka ba. Ka bari sai bayan gobe. Don Allah."

"Bayan gobe ya zama mun yaudare ta."

Ya zaro wayar daga aljihun ƙirji, ya danna, ya sa a sifika, ya ajiye ta a tsakaninmu kusa da giyar mota. Na kama hannun ƙofa. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu.

"Ke za ki faɗa ko ni?"

Kafin in buɗe baki aka ɗauka. Murya ce a natse, irin ta wadda ta saba aji ya yi mata tsit.

"Ɗan albarka, kana ina? Tun ɗazu nake neman ka, ina guge kayan gobe ne."

"Mama, ina tare da ita. Akwai maganar da ya kamata ki ji kafin goben."

Na ji ƙarar ajiye dutsen guga.

"To," ta ce. "'Yata, ina jin ki."